Gigin tsufa: wa ke ɗauke da kayan?

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai ɗaki guda wanda ba a kai baƙo. A ciki akwai tsohuwa, wadda a da ita ke rabon tuwo, ita ke sasanta rigimar gida. Yau sai ta ci abinci ta ce an bar ta da yunwa. Ta ɓoye kuɗinta ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Da magariba ta ɗaure ƙunshinta ta nufi ƙofa, wai za ta gidan mahaifinta, wanda ya rasu shekara 40 da suka wuce.

Maƙwabta ba su rasa ta faɗi. Wannan ya ce iskoki ne, wancan ya ce sammu, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ambaci maita. Alhali kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira démence da Faransanci, Hausawa su ce gigin tsufa. Ba kowane tsoho ne ke yin sa ba.

A 1901 wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Jamus ya kai matarsa Auguste Deter, mai shekara 51, gidan likita a Frankfurt don ya kasa riƙonta. Tana zarginsa da neman mata, tana ɓoye kaya, tana kururuwa cikin dare. Bayan rasuwarta a 1906 likita Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwarta ya ga ɓarnar da ciwon ya yi. Sunansa aka sa wa irin da ya fi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin ƙarfi. Ciwon ya fi kama mata, kuma mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na awoyin jinya.

A ƙasar Hausa an san su waye waɗannan mata: matar ɗa, ko ɗiya bazawara, ko jikanya da aka fitar daga lakwal. Wanki da wanka ba su ne suka fi gajiyar da su ba. Abin da ke karya mai jinya shi ne zargi, da zagi daga bakin da take girmamawa, da rashin barci don tsoron kada tsohuwa ta buɗe ƙofa ta ɓace. Suruka kuma kunya ta ɗaure ta: ba ta iya musu, ba ta iya kai ƙara. In mijin ya gaskata maganar sata, aure na iya mutuwa a kan laifin da ba a yi ba.

Ɗan kasuwa da ke Kwatanu da ma'aikacin da ke biro a Yamai suna aiko da kuɗi ƙarshen wata, su ɗauka sun sauke nauyi. Kuɗi na sayen magani da sabulu, amma ba ya kwana a ɗakin tsohuwa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon, sai dai akwai dabarun rage wahala. Gardama da mai gigi ƙara mata fushi take yi; gara a taya ta neman kuɗin, a kawar da hankalinta ga wani abu. A kunna fitila tun kafin duhu, domin rikicewar ta fi tsanani da faɗuwar rana. A sanar da ƴan unguwa don su maido ta in ta fita. In ta rikice farat ɗaya, a kai ta likita, domin zazzaɓi ko ciwon fitsari na haddasa haka, kuma suna da magani. Ɗaure ta da igiya ko cika ta da ƙwayoyin barci na kan tebur illa kawai suke ƙarawa.

Abin da ya fi duka shi ne a raba kwana. Ƴaƴa maza da mata su zauna su tsara wanda zai karɓi dare, da ranar da mai jinya za ta huta, ta je suna ko kasuwa kamar kowa. Uwa ta kowa ce, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.