Kogin Kaduna: Ƙauna ce ta gushe ko tsoro ne ya kau?

Duk lokacin da damina ta yi nisa kogin Kaduna ya cika ya tumbatsa, akan ji dattawa a unguwannin Barnawa, Nasarawa da Kakuri na cewa mutanen zamani sun ɓata da ruwa, alhali kakanni sun zauna da shi cikin ƙauna da amana.

Magana ce mai daɗin ji, sai dai tarihin garin bai goyi bayanta sosai ba.

Sunan Kaduna kansa, bisa ruwayar da ta fi shahara, ya samo asali ne daga kadojin da ke kogin a da. Wanda ke zuwa ɗiban ruwa a mashayar da kada ke kwance, ba shauƙi ne ya kai shi ba.

Al'ummar Gbagyi da suka riga kowa zama a yankin sun yi noma da su a gaɓar kogin, kuma sun san iyakarsu da shi. Haka ma a ƙasar Hausa, kuka da tsamiya sun sha tsira daga gatari ne saboda imanin cewa gidan iskoki ne. Abin da ake kira ƙauna a yau ya fi kama da haɗin tsoro da buƙata.

Ko a Turai ma, mawaƙa irin su Wordsworth sun kambama son daji da tsaunuka ne a daidai lokacin da hayaƙin masaƙu ya fara turnuke biranen Ingila. Begen abin da ke kuɓucewa ne.

Turawan mulkin mallaka ba su ɓoye dalilinsu ba. Wadatar ruwa da layin dogo na cikin abubuwan da suka sa aka mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917.

Kudancin kogin ne ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, sannan UNTL da Arewa Textiles suka biyo a shekarun 1960. Sun ci da dubban iyalai, wannan ba a musu, amma ruwan rini da suka riƙa fitarwa ta magudanar Makera cikin kogin yake ƙarewa, inda masu lambu ke ban-ruwa da rani. A 1980 matatar mai ta fara aiki kusa da rafin Romi, wanda shi ma cikin kogin Kaduna yake zuba.

KTL ta rufe a 2002, wasu suka bi sahu, amma kogin bai huta ba. Leda da sharar gidaje sun maye gurbin rini, masu haƙar yashi na cin gaɓa, gine-gine kuma sun sauka har cikin fadamar da ruwa ya saba kwanciya.

Sakamakon ya bayyana a ambaliyar 2003 da ta 2012, waɗanda suka raba dubban mutane da gidajensu.

Bayan kowace ambaliya hukumomi kan umarci mazauna gaɓar kogi su tashi, su kuma sukan koma da zarar ruwa ya janye, domin nan ne talaka ke iya samun fili ko ɗakin haya daidai aljihunsa.