Sojan Roma Da Agogo A Hannu

Wata shekara muka je kallon wasan kwaikwayon Ista a wata majami'a. Yara sun iya maganarsu sarai. Amma da aka zo wurin gicciye, sai ga sojan Roma da agogo a hannu, riƙe da fitilar ƙwai. Jama'a suka tuntsire da dariya a daidai lokacin da ya kamata kowa ya yi tsit. Wahalar wata biyu ta tashi a banza.

Laifin ba na yaran ba ne, namu ne manya, da ba mu kula da kayan wasa sai ana gobe. Wasan da ke nuna zamanin da, dole kayansa su zama na zamanin da.

To, kafin a taɓa komai, a zauna a rubuta kayan da kowane fage yake bukata. Kowane abu a tambaya: akwai shi a ƙasar Yahudiya shekara 2,000 da suka wuce? Fitilar kananzir sai a 1853 aka ƙera ta. Ashana ta zo a 1826. Masara, rogo, gyaɗa da tumatir daga Amurka suka fito bayan 1492, don haka kada a sa su a teburin Jibin Ƙarshe. Gurasa, inabi, ɓaure da kifi sun isa. Littafinsu kuwa naɗaɗɗe ne, kamar tabarma.

Abin farin ciki, yawancin kayan suna gidajenmu. Mutanen lokacin suna ɗiban ruwa da tulu da salka, suna niƙa da dutse, suna sa takalman fata. Fitilarsu ƙaramar kasko ce ta yumɓu mai man zaitun. Maginiyar tukwane za ta gina mana irinta. Amma a sa ƙwan tocila a ciki maimakon wuta, gama zana da mayafi ba sa shiri da harshen wuta.

Takobin sojan Roma gajere ne, wajen ƙafa 2. A yanka shi daga kwali, a haɗa biyu don ya yi ƙwari, a liƙa masa takarda mai ƙyalli. Kada a yarda yaro ya hau fage da wuƙar gaske, ko da cikin kube take. Garkuwarsu doguwa ce mai kusurwa huɗu, ta ɗan lanƙwasa; babban kwali da jan fenti sun wadatar. Azurfa 30 na Yahuza, a daddaƙe marafan kwalba a zuba a jakar fata, za su yi ƙara yadda ake so.

Dutsen bakin kabari fa? A ɗaure kara a yi da'ira, a rufe da takardar buhun siminti da aka shafa wa sitaci. In ta bushe, a shafe ta da toka da ɗan gawayi. Yaro ɗaya zai iya ɗaukarsa, amma a koya masa ya yi nishi kamar mai mirgina dutsen gaske.

Iyaye, mu ba yara hannu tun da sauran mako shida. A gwada wasan da kayan aƙalla sau biyu. Ranar wasa kuma a sa dattijo ɗaya a bakin fage, ya karɓi agogo, tabarau da waya kafin kowa ya shiga. Bayan wasa a adana kayan inda gara ba za ta kai ba, don baɗi.

Sai wata mai zuwa.