Kafin ka ɗaura wa tsohuwar motar soja winci

Tun da damina ta matso, tambayar da 'yan uwa suka fi aiko mini ita ce ta motocin gwanjon soja: a saya ko kar a saya, kuma in an saya, a ɗaura mata winci ko a bar ta haka. Winci shi ne injin nan da ke gaban mota, mai naɗe igiyar ƙarfe, wanda mota ke jan kanta da shi idan ta kafe. Duk wanda ya san hanyar Am Timan da damina, ko rairayin da ke tsakanin Agadas da Dirku, ya san kwana uku a kafe kan cinye ribar tafiya, balle in albasa ce ko dabbobi a baya.

Motocin nan ba baƙinmu ba ne. Berliet GBC 8 mai ja da ƙafa shida ita ce irin wadda Faransawa suka ratsa Tenere da ita a 1959 zuwa 1960, daga Janet har Fort Lamy, wato Njamena ta yau, daga baya sojan Faransa suka ɗauke ta aiki. M35 ta Amurka kuwa tun 1950 ta fito. Ƙarfi dai akwai, amma tsufa ma akwai, shi ya sa nake cewa a fara da birki kafin a yi zancen winci. Motar da ta shekara goma a ajiye, robobin birkinta sun bushe, tiyo sun tsattsage. Tsohuwar M35 layin man birkinta ɗaya ne, in ya fashe wuri guda, duk ƙafafun sun tafi. A canja robobi, a zubar da tsohon mai, a wanke tanki, a sa sabuwar matatar mai. Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2309 na nufin mako na 23 na shekarar 2009.

To, sai winci. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai karɓar ƙarfi daga giya, wanda muddin inji na aiki ba ya gajiya, akwai kuma na lantarki, mai sauƙin ɗaurawa amma mai saurin zafi da shan batir. In na lantarki za ka saya, ka tuna wutar yawancin motocin soja volt 24 ce, kar a sayar maka da na volt 12. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfin winci ya kai nauyin mota sau ɗaya da rabi, wato motar da ta kai tan 12 da kayanta tana son tan 18. Wincin asali na M35 bai wuce tan huɗu da rabi ba. Maganin wannan shi ne gargaren ƙarfe mai ƙugiya: igiya ta bi ta cikinsa ta dawo jikin mota, ƙarfin ja ya kusa ninkawa, gudu ya ragu rabi. In kafewar ta yi tsanani, a sauke kaya tukuna, a haƙe gaban tayoyi.

Wurin ɗaurawa nan ne ake yawan asara. Bamba ba ta ɗaukar winci. A kan shasi ake kafa shi, da faranti mai kauri da kusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, kuma kar mai walda ya taɓa leɓen shasi, don nan yake tsagewa. A mai karɓar ƙarfi daga giya akwai wata 'yar kusa mai laushi da aka yi ta don ta karye idan nauyi ya yi yawa. Na sha ganin bakanike ya maye ta da ƙarfe mai tauri wai don kar ta riƙa damu, ƙarshe haƙoran winci su kakkarye ko igiya ta tsinke. Ka sayi biyar ka ajiye a akwatin kayan aiki.

Igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum nan take. A bar aƙalla zagaye biyar a jikin ganga, a jefa buhu ko bargo a tsakiyar igiya, yaran mota su matsa nesa da tsawonta, kuma kar kowa ya tsallaka ta tana ɗaure. Inda babu itace, a binne safaya taya cikin rami mai zurfi a ɗaura a jikinta.

Abu na ƙarshe, fenti da takardu. A Najeriya doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja, kuma a yankin Tafkin Chadi a halin da ake ciki, koriyar mota daga nesa tana iya jawo harbi kafin tambaya. A yi mata fari ko shuɗi tun tana gareji, a riƙe takardar gwanjo da ta kwastan, lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce. In kuɗinka ba za su isa duka ba, Alhaji, yi birki da taya da fenti bana, winci ya jira baɗi. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.