In Jirgin Fito Ya Kife, Wa Zai Biya?

Ran Asabar, 14 ga watan Satumba, 2024, da safe, wani jirgin fito ya kife a gulbin Gummi. Manoma ne a ciki, wajen mutum 70, za su haye zuwa gonakinsu. Fiye da 40 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Aka yi ta'aziyya, ruwa ya janye, maganar ta kwanta. Na tashe ta a filin manoma ne domin duk mai gona a hayin gulbin Zamfara, tun daga ƙasar Anka da Bukkuyum har Gummi, jirgi kayan nomansa ne da damina, daidai da fartanya.

Jama'a, gudummawa dabam, hakki dabam. Buhun shinkafar da a kan kai gidan makoki alheri ne, mai bayarwa ya ga dama. Diyya kuwa bashi ce. Tun 1956 aka yi doka a Jihar Arewa wadda ta ba iyalin mamaci ikon kai ƙara su nemi diyya in sakacin wani ne ya kashe shi. Wanda ya tsira da rauni, shi ma yana iya nema. A shari'a kuma, Risala ta nuna mai jirgi ba ya lamunin kayan da ruwa ya ci, amma ba shi da kuɗin fito sai ya kai gaci. Malamai suka ce wannan sassauci na wanda bai yi ganganci ba ne. To, wanda ya zuba mutum 70 a jirgin da bai isa ɗaukarsu ba fa? Ƙa'idodin da hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ta fitar a 2023 sun hana lodi fiye da kima, sun hana tafiyar dare, sun ce kowa ya sa rigar ruwa.

Doka dai ga ta nan. Wahalar ita ce hannun da zai biya. Diyyar kisan kuskure dinari 1,000 ce na zinariya, kuma dangin mai laifi su ke tarawa. Mai fito kuwa talaka ne irinmu, dukiyarsa duka ita ce jirgin nan da ya nutse, sau da yawa ma tare da shi a kan tsamo gawa. Mai motar haya tilas ya yi inshora, tun dokar 1945, don in ya yi ɓarna a sami inda za a kama. Ni dai a yawon aikina ban taɓa ganin irin wannan takarda a hannun mai fito ba. Akwai kuma dokar 2010 ta biyan ma'aikacin da ya ji rauni, har a hanyarsa ta zuwa aiki, amma ɗan ƙodagon da aka ɗauka shema kwana uku, wa ya rubuta sunansa?

Kada kuma mu ɗora wa masu fito laifin duka. Bayan haɗarin nan wani jami'in ƙaramar hukuma ya gaya wa 'yan jarida cewa manoma fiye da 900 ke hayewa kullum, jirage biyu kacal. Kowa ya san yadda mashaya ta ke da sassafe: kowa na gudun rana ta yi masa, mai fito na cewa ya isa, mu muna tsallakawa ciki da buhun taki a ka. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Shawarata ita ce mu yi wa kanmu hannun biya. A kowace mashaya, Sarkin Ruwa da dagaci da ƙungiyar manoma su zauna su kafa asusu. Duk mai gona a hayi ya ba da tiya ɗaya da kaka, mai fito ya ba da nasa daga kuɗin fito, a sayar a ajiye a banki da sa hannun mutum uku. Wannan ba zai kai diyya ba, na sani, amma zai biya asibiti, ya kuma ɗauki 'yan ƙodago su ƙarasa gonar mamaci, kada marayu su rasa uba su rasa hatsi shekara guda. A shafa fenti a jikin jirgi, in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara shiga. A sa yaro mai ilmi ya riƙa rubuta sunan jirgi da yawan mutane kowane sawu, gama alƙali da shaida ya ke aiki, ba da kuka ba.

Wani zai ce ai ƙaddara ce, neman diyya rashin tawakkali ne. Shari'ar da ta koya mana ƙaddara ita ta yanka diyya. Mai yafewa ya yafe rabonsa, amma rabon maraya ba na wani ba ne balle ya yafe.

Ƙarin jirage da rigunan ruwa kuwa aikin ƙaramar hukuma ne. A rubuta mata takarda ta hannun hakimi tun da rani, a ajiye kofe, a koma a tambaya kafin gulbi ya kawo.