Sai bango ya tsage...

Ranar 3 ga watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Ginin ƙasa ne da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, a cikin unguwar da Nijar ta sa tun 2006 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A wannan damina ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta kuma shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Shekara guda kafin haka, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Mun yi imani da ƙaddara, amma tambaya tana nan: wa aka ɗora wa alhakin duba lafiyar gini kafin ya faɗi?

A zamanin sarakunan Damagaram amsar ba ta da wuya. Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, yana da magina masu shugabansu. A ƙasar Hausa Sarkin Magina ne ya san wanda ya ƙware da wanda ke koyo, kuma in soro ya rufta an san hannun da ya ɗora shi. Bayan haka kowane magidanci ya san ginin ƙasa yana da hakkinsa a kowace shekara: yaɓe kafin damina, shafen makuba, gyaran indararo, duba azara ko gara ta shige ta. Mutanen Jenne a ƙasar Mali sun riƙe wannan al'ada, suna fita kwansu da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu.

A yau takarda ce ta gaji Sarkin Magina. Nijar tana da dokar tsara birane ta 2017 da dokar gine-gine da mazauni ta 2018. Bisa ƙa'ida, mai son yin gini a birni zai kai takardar filinsa da zanen ginin ma'aikatar magajin gari, ma'aikatan tsara birane su duba, sannan a ba shi izini. Birnin Damagaram kansa an raba shi gundumomi 5 domin hukuma ta matso kusa da talaka. A watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa jami'an riƙo, amma wannan nauyi bai tashi daga ofishin ba.

To ina gizo ke saƙa? Da farko, mutane da yawa sun ɗauki takardar izini tamkar haraji: ka biya, a buga hatimi, shi ke nan. Alhali amfanin takardar yana wurin aiki. Wa zai leƙa ramin harsashi kafin a zuba kankare? Wa zai ƙirga sandunan ƙarfe a cikin ginshiƙi, ko ya tambayi bulo nawa aka buga da buhun siminti ɗaya? Da zarar an yi shafe, ƙarya da gaskiya sun zama launi ɗaya.

Na biyu shi ne wurin da ake ginin. Damagaram gari ne na duwatsu, ruwa ba ya nutsewa da sauri, sai ya nemi kwari da tafki. Duk filin da aka yanka a kan hanyar ruwa, ko tafkin da aka cike da shara aka sayar, bashi ne da damina za ta zo karɓa, kuma sau da yawa maƙwabcin da ke ƙasa ne ke biya.

Na uku, gyaran da ba na gwani ba. Shafa siminti a kan bangon ƙasa yana ɓoye tsaga, yana kuma tsare danshi a ciki, sai bango ya ruɓe ba a sani ba. Haka nan ɗora bene a kan kantin da aka yi wa harsashin hawa ɗaya.

Gare ku ƴan kasuwa: kuɗin mai zanen gini da injiniya bai kai darajar hajar da ke cikin sito ba, balle ran yaron kanti da ke kwana a ciki. Gare ku ma'aikata: sa hannu shaida ne, kuma wanda ya shaidi abin da bai gani ba ya san sunan aikinsa. Mun ga yadda gobarar azuzuwan zana ta ci ƙananan yara a Yamai cikin Afrilu na 2021, ta sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar. Sai bayan jana'iza aka hana sa ƙananan yara a irin waɗannan rumfuna.

Abin da ya kamata bai fi ƙarfin gari ba. Kowace shekara, tun da bazara, ma'aikatar magajin gari ta haɗa ma'aikatanta da magina na gargajiya da masu unguwanni, su zagaya masallatai da makarantu da kasuwanni da tashoshin mota, su rubuta abin da suka gani, a liƙa shi inda kowa zai karanta. A fitar da taswirar hanyoyin ruwa, a daina yanka fili a kansu. A sauƙaƙa wa talaka kuɗin izini, a tsananta bincike kan mai bene. Fadar Sarkin Damagaram kuwa, tunda ana jin maganarta a Birni da Zango, ta farfaɗo da gayyar yaɓe.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana bayyana tun da rani, ga duk mai son gani. Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya fitar da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.