Wace Sana'a Yake Yi?

A mafi yawan wasiƙun da 'yan mata ke aiko mini, kukan iri ɗaya ne. Saurayi ya fito, ana so ana ƙauna, amma da magana ta kai gaban iyaye sai a yi tambayar nan mai tsinka zuciya: "To, wace sana'a yake yi?" Sai a ce ai ya gama makaranta, yana jiran aiki. Daga nan sai soyayya ta shiga rububi. Ni kuwa ban ga laifin iyaye ba, domin takardar shaida ba ta sayen buhun shinkafa, balle ta haɗa lefe.

Wannan ne ya sa yau nake son mu tattauna kan shigar da koyon sana'a cikin makarantunmu, musamman mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama.

Maganar ba sabuwa ba ce. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, da nufin yaro ya fito ƙaramar sakandare da abin yi a hannunsa. Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen Turai, amma a makarantu da yawa sun ruɓe cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. A 2011 aka sake sabon manhaja mai ɗauke da sana'o'i 34 a babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Sai makarantu da dama suka ruga ga darussan da alli da allo ke isar musu, irin su dabarun talla. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta sake fito da wasu sana'o'in, har da haɗa wutar sola da ɗinki da kiwo da gyaran waya. Jama'a, sau uku ke nan! Me ya sa har yanzu yaranmu ke fitowa hannu rabbana?

Amsar da na gani ita ce, ana barin masu sana'ar a waje. Yaro ba zai iya walda daga littafi ba, yarinya ba za ta iya yanka atamfa daga allo ba. Ku dubi Aliero, garin da ya yi suna wajen albasa da ɗorin ƙashi. Daga nesa ake kawo masu karaya, kuma masu ɗorin nan a gaban iyayensu suka koya, yau da gobe. Ku shiga kasuwar Jega ku ga teloli da maƙera da kafintoci da kanikawa, kowa da yaransa. Malaman sana'a muna da su birjik, makaranta ce kawai ba ta san da zamansu ba.

Turawan Jamus sun gane wannan tuntuni. Tun 1969 suke da doka a kai: matashi ya yi kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a aji, ana ba shi ɗan abin kashewa, in ya kammala a ba shi shaidar da ƙasa ta yarda da ita.

Mu ma tsarin mulki ya ba jihohi ikon yin doka kan ilimi. Don haka roƙona ga wakilanmu a Majalisar Dokoki ta Birnin Kebbi shi ne dokar jiha ta ƙunshi abu huɗu. A yi wa amintattun masu sana'a rajista a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa biyansu ladan koyarwa. A ware ranaku a mako da ɗalibi zai je shago, a lissafa masa shi cikin sakamakon jarrabawa. A ba shi shaida ta hukuma, ai don irin wannan aka kafa NABTEB a 1992. Sannan a kare yaran, kada ubangida ya mayar da yaro ɗan aike, 'yan mata kuma a haɗa su da mata 'yan uwansu, yadda hankalin iyaye zai kwanta.

'Yan uwana mata, wannan ya fi shafarmu. Matar da ta shiga ɗakin miji da keken ɗinki, ko ta iya ƙunshi da kitso, ba ta jiran maigida kan kuɗin sabulu. In mutuwa ko saki ya gitta, tana da abin riƙe 'ya'yanta. Kuma sana'a ba ta hana karatu. Tun 2006 muke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ɗalibin da ya iya haɗa sola kuwa shi zai biya wa kansa kuɗin rajista.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin doka ta zo, in an yi hutun nan a kai yaro shagon wani amintacce, in kuma ɗan majalisarku ya zo gida ku tambaye shi inda aka kwana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙunku.