Maɓarnata gona da maganar bindiga: abin dubawa kafin a kai kuɗi wurin maƙeri

Duk shekara in kaka ta kama, koke iri ɗaya ke shigo mana nan gidan rediyo. Wannan ya ce kurege ya tone masa gujiya, wancan ya ce birai sun far wa masararsa ta bakin gulbi, wata baiwar Allah ta ce dila ya ɗauke mata ɗan akuya. Bana sai muka lura tambayar ta canza. Da can cewa ake "yaya za mu yi?" Yanzu kuwa, musamman daga bakin samari, "wace bindiga ta fi dacewa in saya?" ake tambaya. Wasu har hoton bidiyo suke turo mana ta WhatsApp, na maharban Amurka masu bindiga da madubin hange, suna kwantar da dabba daga nesa kamar wasa.

Tambayar ba ta banza ba ce. Wanda ya sha rana wata huɗu yana noma, ya ga ana cinye masa guminsa dare ɗaya, dole ransa ya ɓaci. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba maganar da idon basira, bindiga bayan bindiga, dabba bayan dabba.

Bindigogin da ake magana a kansu

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, harba-ka-ruga, ƙirar maƙeranmu. Ta baki ake ɗura mata albarushi da ƙarafa, a harba sau ɗaya, sannan a sake ɗuri. Araha gare ta, amma bututunta sau da yawa ba ƙarfen bindiga ba ne, kuma ba wanda ya auna iya ƙarfin da zai ɗauka. In albarushi ya yi yawa, ko ƙasa ta toshe bakin, a hannun mai ita take fashewa. Kusan kowane yanki akwai maharbin da aka sani da guntun yatsu ko ido ɗaya, kuma ba namun daji suka yi masa ba.

Ta biyu ita ce kalibar 12, mai harsashin roba cike da ƙananan ƙwayoyin dalma. Ƙwayoyin watsuwa suke yi in sun fita, don haka tana samun zomo ko tsuntsu ko da yana gudu. Ƙarfinta na kisa bai wuce mita 30 zuwa 40 ba, ƙananan ƙwayoyin kuma suna zubewa ƙasa cikin mita 200 zuwa 300. A wurin da mutane ke kusa, wannan gajartar tata alheri ce.

Ta uku ita ce kalibar 22, mai ƙaramin harsashi guda na milimita 5 da rabi. Ba ta da ƙara sosai, ba ta bugun kafaɗa, tana saiti da kyau har mita 50 zuwa 100. Mutane na raina ta don ƙanƙantar harsashin, alhali in aka kuskure dabba, harsashin nan na iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi. In ya bugi fako ko dutse ko fuskar ruwa kuma, tsalle yake yi ya canza hanya, ba mai sanin inda zai sauka.

Akwai kuma bindigar iska, mai ƙwayar milimita 4 da rabi ko 5 da rabi, wadda ba ta amfani da albarushi. Tana iya ɓera ko gafiya a tazarar mita 20 zuwa 30, daga nan ƙarfinta ya ƙare. Duk da haka tana fasa ido, don haka ba abin wasan yara ba ce.

Waɗanda ake gani cikin bidiyon Amurka kuwa, irin su kalibar 223 da 22-250, ana amfani da su ne wajen harbin ƙananan dabbobi daga mita 200 ko 300. Harsashin 22-250 na fita da gudun sama da mita 1,000 cikin daƙiƙa guda, kuma yana iya wuce kilomita 3 kafin ya faɗi. Kalibar 223 ɗin ma ƴar uwar harsashin soja ce na 5.56. Can ana harba su ne a filayen kiwo masu faɗi inda mutum zai yi tafiya mai nisa bai ga gida ba. Kalashinikof kuma ba ma sai mun tsaya kanta ba: makamin yaƙi ne, riƙe ta ga farar hula laifi ne babba.

Ina harsashin zai sauka?

Nan ne maganar ta zama tamu. Ƙidayar 2012 ta nuna jahar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, mafi yawansu a kudu. Damagaram da Tawa ma kowace ta haura miliyan 3. Wanda ya san hanyar Maraɗi zuwa Madarumfa ko Tasawa zuwa Gazawa ya san gona na jingine da gona, gari na hangen gari. Ka tsaya tsakiyar gonarka ka auna kilomita ɗaya da rabi ta kowace fuska. Cikin wannan da'irar akwai rijiya, akwai burtali, akwai mata masu roron wake da yara masu kiwon awaki, kuma karan hatsi ya rufe su ba ka ganinsu.

To ke nan, a ƙasa irin tamu, yawan nisan bindiga aibi ne gare ta. Ƙa'idar da maharban duniya suka yarda da ita ita ce kada ka ja kunama sai ka ga abin da kake harbi sarai, ka kuma san abin da ke bayansa. Motsin ciyawa ko ƙyallin ido cikin duhu bai isa hujja ba. Idon ɗan maraƙi ma yana ƙyalli in an haska shi da tocila.

Wa ke cin gonar da gaske?

Mu ɗauki maɓarnatan ɗaya-ɗaya. Babban ɓarawon rumbu da gona shi ne kusu. Irin ɓeran nan mai nonuwa da yawa, cikinsa kamar mako uku ne, kuma haihuwa ɗaya na iya kai ƴaƴa goma ko fiye. Harsashi nawa mutum zai saya ya ƙure wannan lissafin? Ga shi da dare yake fita, cikin rami yake kwana. Maganinsa tarko ne da yawa a lokaci guda, da share ciyawar gefen gona, da ɗaga rumbu bisa duwatsu a liƙe ƙofofinsa, da kwashe damma daga gona da wuri. Hausawa sun ce ko ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Damman da aka bari mako uku a fili gayyata ce.

Sai jan-baki. Tsuntsu ɗaya na cin kamar giram 10 na ƙwaya a yini, ƙididdigar hukumar FAO kuma ta nuna garke mai tsuntsu miliyan 2 na iya lashe ton 20 a rana. Ka harba kalibar 12 cikinsu ka kayar da talatin, sauran su tashi su sauka gonar maƙwabcinka. Aikin jan-baki na ma'aikatar gidan gona ne da hukumar kare tsirrai, masu bin su har makwancinsu. Abin da ke wuyanmu shi ne kai labari da wuri in an ga inda suke kwana ko suke sheƙa.

Kurege da gafiya da zomo, tarko da kare sun daɗe suna maganinsu. Birai wayo gare su, gadi da kare ke hana su, kuma in gonakin gefe ɗaya suka haɗa gadi, nauyin na raguwa ga kowa. Abin da ya rage wa bindiga shi ne ƴan lokutan da babbar dabba ta addabi gari, irin mugun dawa a garake ko kura da ta saba da garke. Wannan kuwa aikin gwani ne da izinin hukuma.

Dilan da aka kashe, kusun da ya ƙaru

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. Dila, yanyawa, muzurun daji, mujiya, shaho da maciji, mafi yawansu ɓera na cikin abincinsu na yau da kullum. Mujiya biyu da ƴaƴansu na cinye dubban ɓeraye a shekara, har a wasu ƙasashe manoma akwati suke kafa mata a gona don ta zauna. Mu kuwa jifar ta muke yi, wai tsuntsuwar mayu ce. Wanda ya sayi bindiga don kurege, in bai ga kurege ba, abin da ya gani yake harbi, kuma galibi waɗannan masu gadin ne ke faɗawa. An gudu gara an faɗa zago.

Amurkar da ake kwaikwayo ma tana da darasi. Suna da wata dabba dangin dila mai suna koyoti. Sama da shekara 100 ana harbinta, ana sa mata guba da tarko, ma'aikatan gwamnati kaɗai na kashe dubun-dubata kowace shekara. Yau ta bazu kusan ko'ina a ƙasar, har cikin manyan birane, fiye da inda take da can. In masu bindigar madubi ba su ƙarar da ita ba, shinge mai kyau da turken dare kusa da gida sun fi zama abin dogaro ga mai awaki.

Doka da halin da muke ciki

Nijar na da dokar farauta, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998. Ta ce ba a farauta sai da takardar izini, ta hana farautar dare da fitila, ta hana guba da makaman yaƙi, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa sam. Takardar farauta daban, izinin riƙe bindiga daban. Tun 1994 kuma ƙasar ke da hukumar CNCCAI mai karɓar makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Bindigar maƙeri ma bindiga ce a idon jandarma.

Ko da ba doka, zamanin kansa ya isa gargaɗi. Tun wajen 2019 yankunan Madarumfa da Gidan Rumji ke fama da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane daga bakin iyaka, har dubban ƴan gudun hijira suka shigo daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Dajin Baban Rafi da da ake shiga neman itace da nama, yau ba kowa ke kusantar sa ba. A irin wannan hali, mutum ya fito da dare da bindiga da tocila a goshi, me sojan sintiri zai ɗauke shi? Me mutanen garin gaba za su ɗauke shi? Ƙarar harbi ɗaya cikin dare na iya tayar da gari guda, mata da yara su kwana cikin daji.

Ba mu manta da Uromi ba, a jahar Edo ta Nijeriya. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta ƴan arewa 16 da ke hanyar komawa gida hutun salla, aka tare motarsu, aka ga bindigogin gargajiya, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su. Ba wanda ya tsaya sauraren bayaninsu.

Akwai kuma lokacin sakin gonaki, sa'ar da makiyaya ke gangarowa kudu. Gardamar ɓarna da za ta ƙare gaban mai gari da biyan diyya, in akwai bindiga a bukkar gona tana iya ƙarewa a maƙabarta. Abin da ya faru a Toda cikin 1991, inda aka rasa rai sama da 100, da na Bangi a jahar Tawa cikin 2016, ya nuna yadda wutar ke saurin kamawa. Ƙara bindigogi cikin gonaki da sunan kurege ba zai sanyaya ta ba.

Abin da muke gani

Kakanninmu ba su bar farauta sakaka ba. A Gobir da Katsinar Maraɗi sai an yi buɗin daji kafin a shiga, akwai sarkin maharba da ake jin maganarsa, ba kowane mai gona ke rataya makami ba. Wannan tsarin na iya yi mana aiki yau. In dabba ta addabi gari, a gaya wa mai gari, shi ya sanar da ma'aikatan gandun daji da magajin gari. A sa maharbi sananne mai takardu, a yi aikin da rana, a yi shela tukuna don mata da yara su kauce, jami'an tsaro na kusa su san da maganar.

Shi wannan maharbin, in mu ya tambaya, za mu ce masa kalibar 12 mai baki ɗaya, ƙirar masana'anta, ta ishe shi a ƙasa mai cunkoso irin tamu. Ya zaɓi girman ƙwaya daidai da dabbar, kada ya harba abin da ya wuce taku arba'in. A gida ya ajiye ta ba harsashi ciki, harsasan a kulle wani wuri daban inda yaro ba ya kaiwa. In naman ci ne, a yanke inda dalma ta shiga a binne, don dalma guba ce, ta fi kuma yi wa yara da masu ciki illa.

Sauranmu manoma kuwa, kuɗin bindiga da na harsashi da na takardu, in aka juya su ga tarkuna, da gyaran rumbu, da buhunan ajiya masu hana iska shiga, da ladan yaran gadi, hatsin da za su tsirar ya fi wanda bindiga za ta tsirar.

Muna jiran jin ta bakinku, musamman dattawan maharba da ma'aikatan gandun daji: wace dabba ta fi damun yankinku bana, kuma wace dabara ta yi muku aiki? Za mu karanta saƙonninku cikin shirin manoma na mako mai zuwa. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin kwanciyar hankali.